Tabarma da Kanaba: A Ina Ɗanka Yake Zama a Aji?

 

Akwai wata kalma ta Larabci wadda duk wanda ya taɓa zama a majalisar iyayen yara ya haddace ta, ko yana so ko ba ya so. Kalmar ita ce ijlas, wato samar wa ɗalibi abin zama a aji. Ita da littafin karatu tagwaye ne a bakin masu koke da bakin masu alkawari. A aikina na magatakarda, da wuya dattawa su sa ni rubuta takarda game da makaranta ba tare da ijlas ya zo a layin farko ba: kanaba nawa suka rage, nawa suka karye, yara nawa ne a ƙasa. Shekara da shekaru muna ƙidayar katako da ƙarfe. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, wane irin zama ne yake taimakon ƙaramin yaro ya natsu, ya ji, ya rubuta, ya fahimta?

Ga ra'ayina tun da wuri, don wanda zai saɓa mini ya san abin da yake saɓawa. Kada a tsare yaro a gida, kada kuma a bar aji a rufe, don jiran kanaba, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya suke kira benci. Ranar da kanabar ta iso kuma, kada a naɗe tabarma a jefar da ita. A ajin ƙananan yara, aikin da yaro yake yi a wannan sa'a shi ya kamata ya zaɓa masa zama. Sauraro yana da zamansa, rubutu yana da nasa, karatun haɗin baki yana da nasa.

Kowa ya san abin da ya kai mu nan. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe makarantun ƙasar. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Madani ta faɗi a Disamba 2023, soja ba su sake shigarta ba sai Janairu 2025. Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni 2024, aka karɓo ta a Nuwamba. Mutanenmu na Nil Azrak kuwa, tun rikicin Yuli da Oktoba 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi suka san kwana a cikin aji. Makarantu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Kanabar da ba a sace ba ta zama gadon jinjiri, ko murfin taga, ko makamashin girki, kuma babu mai hankalin da zai zargi uwar da ta dafa wa 'ya'yanta abinci da abin da ta samu a gabanta.

A inda aka sake buɗe makaranta, an buɗe ta ne ga wasu yara daban da waɗanda aka sani. Ɗan shekara shida da ɗan shekara tara, har da ɗan goma, duk sun haɗu a aji ɗaya, domin manyan ba su samu shiga a lokacinsu ba. Ko da za a wayi gari mota ta sauke mana kanabobi sababbi fil, da awo ɗaya aka ƙera su, yaran kuwa ba awo ɗaya ba ne. Kujerar babban mutum takan kai santimita 45 daga ƙasa, kusan kamu ɗaya ke nan. Wadda ta dace da ɗan shekara shida ba ta wuce santimita 30 da ɗan wani abu ba. Idan aka ɗora shi a kan ta manya, ƙafafunsa suna lilo, bakin katako yana danne masa ƙarƙashin cinya, jini ba ya gudu yadda ya kamata. Kafin a yi nisa sai ya fara mutsu-mutsu, ya zame gaba, ya ture na kusa da shi. Ustaz ya ce ba ya jin magana, alhali ƙafa ce ta sage masa. Babban yaron da aka cusa a ƙaramar kanaba shi ma gwiwarsa tana karo da tebur, ya karkace gefe guda yana rubutu. An ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Ga yaro ƙarami maganar ta fi gaskiya.

Mu da muka tashi a makarantar allo, wadda a nan ake kira halwa, muna da abin tunawa a wannan fanni. Ba don ƙawar zamanin da ya wuce nake kawo ta ba. Ina kawo ta ne don a duba yadda zamanta yake aiki, domin mutane da yawa sun zauna a cikinta ba su lura da hikimar tsarinta ba.

Abu na farko, allo shi ne teburin kansa. Katako ne mai tauri, yaro ya ɗora shi a cinya ko ya jingina shi da gwiwa, ya karkata shi yadda idonsa yake so, bayansa a miƙe. Littafin rubutu na madarasa kuwa takarda ce mai laushi, ba ta tsayuwa sai an ɗora ta a kan wani abu. Shi ya sa yaron da aka zaunar a ƙasa da littafin rubutu sai ya duƙa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ko ya kwanta rub da ciki. Rubutunsa ya lalace, wuyansa ya ƙage, takardar ta cika da ƙura. Mutane suka ga haka suka ce zaman ƙasa ne ya ɓata karatu. Abin da ya ɓata shi shi ne an ɗauki zaman halwa an bar allonta.

Abu na biyu, malam da almajiri a daidai juna suke. Malam yana kan buzunsa, almajirai suna kan tabarma, ido yana kallon ido. A madarasa ustaz yana tsaye, allon bango yana can sama inda aka kafa shi don masu kanaba, yaron da yake ƙasa sai ya ɗaga kai kamar mai duban jinjirin wata har a tashi.

Abu na uku, da'ira ba ta da layin baya. Wutar dare da ake kewayewa, wadda mutanen ƙasar nan suke kira tugaba, kuma suke alfahari da ita a manyan wuraren karatu irin su Umm Dawan Ban da Wad al-Fadni, kowa nisansa da haskenta ɗaya ne, kowa kuma malam yana ganin fuskarsa. Malamanmu sun san wannan zama tun daga hadisin Mala'ika Jibrilu da yake cikin Sahihu Muslim, inda mai tambaya ya zauna har gwiwoyinsa suka haɗu da na wanda yake tambaya, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shehu Zarnuji ma, a littafinsa Ta'alimul Muta'allim, ya yi magana a kan tazarar da ta dace tsakanin ɗalibi da malami, ya kwatanta ta da tsawon baka. Magabata ba su ɗauki wurin zaman ɗalibi ƙaramin abu ba.

Abu na huɗu, almajiri ba ya daskarewa. Yana karatu yana rausaya jiki. Ya tashi ya je gaban malam a biya masa. Ya tashi ya wanke allo, ya shanya, ya ɗauko tawada, ya koma. Motsi yana cikin tsarin karatun, ba laifi ba ne da ake hukunta shi.

Wannan ba ya nufin duk abin da yake halwa abin koyi ne. Mun san bulala, mun san hayaƙin da yake cin ido, mun san cunkoso da ƙazuwa. Binciken da sashen Larabci na BBC ya fitar a 2020, wanda ya nuna yara ɗaure da mari a wasu halwoyin Sudan, abin kunya ne ga duk mai kishin Alƙur'ani. Tsarin zaman nake cewa mu ɗauka, mu bar abin da ya saɓa wa rahama.

Yaya aka yi kanaba ta zama alamar ilimi, tabarma ta zama alamar ci baya? Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kudu da Sinnar tare da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da allo da buzu suka zo. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, ƙarfinsu ya shiga gonakin auduga, 'ya'yansu kuwa suka ci gaba da zama a halwa. Makarantar hukuma, wadda cibiyar Bakht al-Ruda ta kusa da Duwaim ta riƙa horar mata da malamai tun 1934, ita ce ƙofar aikin ofis da takardar shaida, kuma a kan kanaba ake zama a cikinta. Ta yi jinkirin isowa ƙauyukanmu da kambo-kambon ma'aikatan gona. Saboda haka a idon iyayenmu kanaba ta wuce katako, ta zama shaidar cewa an ƙidaya ɗanka cikin 'ya'yan ƙasa.

Abin mamaki, waɗanda suka kawo mana jerin kanabobi sun daɗe da fara shakkarsa. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Mariya Montessori, ta buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum. Ta ƙi teburan da ake kafewa a ƙasa, ta sa aka ƙera ƙananan kujeru da tebura marasa nauyi waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa. A makarantun da suke bin tafarkinta har yau, yaro yakan shimfiɗa 'yar darduma a ƙasa ya yi aikinsa a kai. A Amurka da Ingila kuma, a shekarun nan, malaman firamare da yawa suna raba aji gida-gida: nan darduma, nan gajeren tebur, nan kujera, nan wurin rubutu a tsaye, su bar yaro ya sauya. Suna sayen abin da kakanninmu suke saƙawa da kaba a tsakar gida, suna ba shi sabon suna.

Ba kome nasu ne za mu kwaikwaya ba, kuma masu bincikensu ma ba su ce a watsar da layi ba. A 2008 wasu masana biyu, Wannarka da Ruhl, suka tattara nazari takwas da aka yi a kan tsarin zaman aji. Abin da ya fito shi ne, idan kowane yaro aikin kansa yake yi, zaman layi ya fi sa shi mai da hankali fiye da zaman rukuni, kuma ya kamata irin aikin ya zama shi ne ma'aunin zama. Wani nazari da aka yi a Jamus kan 'yan aji huɗu, aka buga a 1999, ya nuna yara sun fi yin tambaya idan suna zaune a rabin da'ira fiye da idan suna jere a layi. Wato layi yana da ranarsa, da'ira tana da ranarta. Alaramman ƙauyenmu da bai taɓa jin sunan waɗannan mutane ba, haka yake yi: lokacin rubutu kowa ya ware da allonsa, lokacin biyawa a matso.

Yanzu bari in kawo hujjar da ta fi ƙarfi a kaina, domin na ji ta daga bakin dattawan da nake girmamawa. Suna cewa: mu da aka daɗe ana kira baƙi a ƙasar da kakanninmu suka yi wa aiki, mu da muka sha wahalar takardar ɗan ƙasa, yau kuma da bakinmu za mu ce 'ya'yanmu tabarma ta ishe su? Gobe idan kanaba ta zo, sai a kai ta wani ƙauye, a ce ai waɗancan sun saba da ƙasa. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san tarihinmu ba.

Amsata ita ce, akwai bambanci tsakanin tabarma da turɓaya. Yaron da yake zaune a kan dutse, ko gwangwanin madara, ko tsagin ƙasa, da littafi a gwiwa, an zalunce shi, kuma ba za mu daina faɗa ba. Yaron da yake zaune a kan tabarma mai tsabta, a daɓaɓɓen ɗaki, da abin ɗora rubutu a gabansa, yana ganin bakin ustaz, wannan an karrama shi. Haƙƙinmu a kan hukuma yana nan daram, kuma takardun koke ba za su tsaya ba. Duk abin da aka raba wa makarantun ƙasa, a ba mu rabonmu cif. Abin da nake so shi ne mu san abin da muke roƙo. Maimakon mu rubuta kanaba hamsin kawai, mu rubuta rufi, da daɓen siminti, da kujeru awo biyu ko uku daidai da tsawon yara, da malami. Wanda ya zo ya tarar mun gyara ajinmu da hannunmu, yara suna karatu, ya fi jin nauyin hana mu fiye da wanda ya tarar da kango. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kuma kanaba tana iya zuwa baɗi, amma shekarar yaro ta bakwai ba ta dawowa. Yaran da suka riga suka yi asarar shekara biyu, ba su da wata da za su bayar ga jiran gawon shanu.

Akwai kuma wata illa da ba ta shiga takardar koke, ita ce layin baya. A ajin da aka jera kanabobi, gaba ta mai ƙarfi ce, da mai zuwa da wuri, da ɗan wanda ake jin nauyinsa. Baya kuwa ta mai kunya ce, da wanda ya makara don ya tsaya ɗebo ruwa ko kai abinci hawasha, da mai raunin ido ko kunne wanda ba a gane ba. A garuruwanmu akwai ƙari a kan wannan. Yaro da yawa yana shiga aji ɗaya da Hausa a bakinsa, karatu kuwa da Larabci ake yi. Irin wannan yaro da ido yake ji. Sai ya ga leɓen ustaz da harshensa kafin ya raba sin da sad, ko hamza da ain. Idan aka jefa shi layi na takwas, murya tana iso shi kamar ta mai kira daga hayin kogi. Ya shekara bai gane ba, a ce masa daƙiƙi, uba ya ce to ya bi ni gona. Yara nawa muka rasa ta wannan hanya, muna cewa ba su da kai, alhali wurin zama ne ba su da shi? A makarantun da muke haɗe da wasu ƙabilu, abin ya fi ciwo, domin idan aka bar yara su zaɓa, masu harshe ɗaya sukan taru a lungu ɗaya, lungun nan kuwa sau da yawa na baya ne.

To, me za a yi? Ga abin da nake ba majalisun iyaye shawara, musamman don aji ɗaya zuwa uku.

A fara da ƙasa kafin a yi maganar abin zama. Baƙar ƙasar Jazira kowa ya san halinta: da rani ta tsage, da damina ta riƙe ruwa ta zama caɓi. A ɗaga ƙasan aji ya ɗara na waje, a daɓe shi, a toshe ramukan kunama. Iyayenmu mata sun san daɓe tun kafin siminti ya zo. Inda laima take tasowa, a shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol a ƙarƙashin tabarma.

Sai a raba ɗakin uku. A gaba a shimfiɗa tabarmi a rabin da'ira, don sauraro da karatun haɗin baki da tambaya. A sauko da allon bango ƙasa, ko a ƙara wani a ƙarƙashinsa, yadda na zaune zai gani ba da ɗaga wuya ba, kuma ƙaramin yaro zai iya rubutu a kai da alli. A tsakiya a jera gajerun tebura dogaye, tsawonsu daga ƙasa kamar taƙi ɗaya da rabi, waɗanda yara za su zauna a tabarma su tura ƙafa ƙarƙashinsu su yi rubutu a layi. Katakon kanaba ɗaya da ƙafarta ta karye ya isa a fitar da irin wannan tebur. A gefe da baya a ajiye kanabobin da suka tsira, don manyan yaran da zaman ƙasa yake takura wa, da wanda yake da ciwon ƙafa ko baya. Idan da hali, a kafa katako a jikin bango daidai ƙirjin yaro, wanda ya gaji da zama ya tsaya ya yi rubutunsa a nan.

Inda babu katakon tebur, a ba kowane yaro allon cinya, faffaɗan katako marar nauyi wanda ya ɗan fi littafin rubutu girma. Masassaƙin da yake yi mana allon karatu shi zai yi wannan. Shi ne mafi arha a duk abin da na lissafa, kuma shi ne mafi amfani.

Sai a sa doka biyu. Ta farko, kada yara su wuce rabin darasi a zama iri ɗaya. A fara a tabarma da bayani, a koma tebur don rubutu, a tashi tsaye don ƙidaya ko maimaita haruffa. Ta biyu, wuri ba gadon kowa ba ne. Duk mako a juya, na baya ya dawo gaba, a kuma cakuɗa mai ƙarfin Larabci da mai rauni. Wanda aka lura yana matse ido ko yana karkata kunne, shi kaɗai za a bar wa gaba dindindin, a kuma sanar da iyayensa. Bahago a ajiye shi a ƙarshen layi ta hagu, don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. 'Yan mata, musamman waɗanda suka fara girma, a tambaye su ta bakin ustaza ko wata uwa wane zama ya fi musu sutura da sakewa, kada a yanke musu hukunci daga zauren maza.

Tsabta sharaɗi ce. A tuɓe takalma a ƙofa kamar yadda ake yi a masallaci. A kakkaɓe tabarmi kullum, a shanya su a rana a ƙarshen mako, domin tabarmar da ba ta ganin rana ita ce gidan ƙuma da ƙaiƙayi. Idan zafi ya tsananta, tabarma tana da wata falala da kanaba ba ta da ita: yara huɗu sun naɗe ta sun kai ƙarƙashin rakuba ko inuwar dogon yaro, aji ya koma can.

Kanabobin da za su zo nan gaba kuwa, a fara da manyan azuzuwa. Su ne rubutunsu ya yi yawa, su ne kuma za su zauna jarrabawa a kan tebur, ya kamata hannunsu ya saba.

Na san ustazai za su ce, ajin da ya cika ya batse, wa zai iya tashe shi ya zaunar da shi sau uku ba a yi hargitsi ba? Ustazanmu sun sha wahala, wasu sun yi watanni ba albashi, ba na so in ɗora musu sabon kaya. Amma hargitsin da suke tsoro yana nan tuni, shi ne mutsu-mutsun yaran da jikinsu ya gaji, wanda ake kashewa da tsawa da bulala. Tashi da tsari ya fi sauƙin riƙewa fiye da tashi da tawaye. Mako biyu na horo ya isa yara su san alama: tafi ɗaya a naɗe littafi, tafi biyu a koma tabarma. Manyan yaran nan da yaƙi ya makarar, maimakon su zauna suna jin kunyar ƙannensu, a ba kowanne ɗan rukuni ya kula da shi, kamar yadda gardi yake taimakon malam. An ba shi girma, an rage wa ustaz aiki.

Kuɗin fa? Abin da mutanen nan suke kira nafir, mu gayya muka sani. Rana ɗaya samari su ɗebo ƙasa, mata su daɓe, masu saƙa su kawo tabarmi, kafinta ya tattara karyayyun kanabobi ya ga abin da zai fita. 'Yan'uwanmu da suke aiki a Saudiyya da sauran ƙasashe, waɗanda ba sa ƙin taimako idan an faɗa musu abu takamaimai, a ce musu katako da siminti ake so. Abu ɗaya nake roƙon majalisun iyaye da girman Allah: kada a mai da yaro gida don ubansa bai biya kuɗin abin zama ba, kada kuma a ce wanda ya biya ya hau kanaba, wanda bai biya ba ya zauna ƙasa. Ranar da tabarma ta zama wurin marasa biya, ranar ta zama tabarmar kunya, kuma duk abin da na faɗa ya rushe. Kowane yaro ya zauna a kanta a lokacinta, ɗan mai gari da ɗan mai kambo, ustaz ma wani lokaci ya sauko ya zauna tare da su.

Ku iyaye, idan yaro ya dawo yau, kafin ku tambaye shi me aka koya masa, ku tambaye shi a ina ya zauna, yana ganin allo, yana jin ustaz, a kan me ya ɗora littafinsa. Ku duba littafin, ƙura da karkacewar rubutu za su ba ku labari. Sannan ku je makarantar da kanku ku leƙa. Ustazai da suka gwada wani abu makamancin wannan, ku faɗa mana abin da ya yi da abin da bai yi ba, don wani ƙauye ya amfana. Wanda yake ganin akasin ra'ayina, zaure a buɗe yake.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya buɗa ƙirazan 'ya'yanmu ga ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.